Wata takwas ina aiki da Infinicyt da bututun PIDOT, ga abun da idona ya gani

Tun da na dawo abokan aiki ke ta tambayata, wai wannan manhajar Infinicyt da nake ta yabo mene ne labarinta, da gaske ne tana karanta sakamakon fulo saitometiri, wato gwajin ƙirga ƙwayoyin jini da hasken leza, da kanta ko dai daɗin baki ne irin na 'yan talla. Na amsa ma mutum huɗu ko biyar a waya har na gaji da maimaitawa, shi ne na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ke lab ya ƙaru, likitan yara ma ya ƙaru, kuma uwar da take da yaron da kullum yana gadon asibiti ita ma ta san akwai irin wannan gwajin a duniya.

Ni ma'aikacin lab ne, shekara tara na yi ina ƙirga CD4, wato ƙwayoyin garkuwar jikin da HIV ke ci, na masu ɗauke da HIV a wani asibiti a arewa, da na'urar CyFlow ta kamfanin Partec na fara, daga baya aka kawo mana wata na'urar, Pima. Duk wanda ya yi wannan aikin ya san shi, lamba ɗaya muke nema, in ta fito mu rubuta a takarda shikenan. A tunanina a lokacin ai na san fulo. Sai da Allah ya ba ni damar zuwa horo a lab ɗin garkuwar jiki na wani asibitin jami'a a Beljiyam sannan na gane bakin kogin kawai nake tsaye duk shekarun nan.

Bari in ɗan yi ma waɗanda ba 'yan lab ba bayani dan kar in bar su a baya. Fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki, kuma ba iri ɗaya ba ne, akwai ƙwayoyin T, akwai B masu haɗa sinadarin kariya, akwai NK, kowanne kuma a cikinsa akwai sababbin ɗauka da ba su taɓa fita yaƙi ba, akwai tsofaffin hannu da suka riga suka san abokin gaba. A madubin lab duk kamarsu ɗaya, ba za ka iya cewa wannan T ne wannan B ne ba. Abun da ake yi sai a zuba ma jinin wasu sinadarai da kowanne ke maƙalewa a jikin irin ƙwayar da aka yi shi dominta, kuma kowanne ɗauke yake da rini mai ƙyalli. Sai na'ura ta ja ƙwayoyin cikin siririn ruwa su bi layi ɗaya bayan ɗaya, kamar yanda makiyayi ke tsayawa a ƙofar garke da yamma yana ƙirga tumakinsa suna shiga, hasken leza ya doke kowace ƙwaya, na'ura ta rubuta girmanta da yanayin cikinta da kalar da ta haska. Dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙarshe za ka samu fayil mai ɗigo-ɗigo dubu ɗaruruwa har miliyan, kowane ɗigo ƙwaya ɗaya ce.

Toh a nan aikin yake. Wannan tarin ɗigon sai mutum ya zauna gaban kwamfuta ya rinƙa zagaye su da hannu, muna ce masa getin, ka ja shinge ka ce waɗannan su ne limfosait, wato dangin T da B da NK ɗin nan, a cikinsu ka sake jan wani shingen ka ce waɗannan T ne, a cikin T ka ware CD4 da CD8, a cikin kowanne ka sake warewa gida huɗu, haka haka har ka gaji. Kuma matsalar da kowa ya sani amma ba a cika faɗa ba ita ce hannu ya bambanta. Ni in ja shingena nan, abokin aikina ya matsar da nasa kaɗan, fayil ɗaya jini ɗaya amma lamba biyu. Ni kaina shingen da zan ja da safe ba lallai ya zama daidai da wanda zan ja ƙarfe biyar na yamma ido ya yi nauyi ba. In a manyan rukunai ne bambancin ba ya da yawa, amma in aka zo ƙananan rukunai irin tsofaffin ƙwayoyin B da suka sauya nau'in kariyarsu, ɗan matsar da layin nan zai iya sa a ce yaro lafiyarsa ƙalau ko a ce yana da matsala.

Ciwon da ake nema da wannan gwajin shi ne raunin garkuwar jiki na haihuwa, wato ba irin na HIV da ake ɗauka daga baya ba, wannan da shi ake haifar yaro, a cikin ƙwayoyin gado yake. Ba ciwo ɗaya ba ne, a jerin da ƙungiyar masana garkuwar jiki ta duniya IUIS ta fitar a 2022 akwai iri 485, kuma ana ta ƙara gano wasu. Na farko da aka bayyana sosai shi ne wanda wani likitan sojan Amurka Ogden Bruton ya gani a 1952 a jikin wani yaro ɗan shekara 8 da ke ta kamuwa da ciwo bayan ciwo, aka duba aka ga jininsa babu sinadarin kariyar nan. Mafi tsanani kuma shi ne SCID, inda ake haifar jariri kusan babu ƙwayoyin T gaba ɗaya, shi ne ciwon David Vetter yaron nan na Houston da ya rayu a cikin rumfar roba daga 1971 har ya rasu a 1984 yana da shekara 12.

Abun da nake magana a kai guda biyu ne da ke tafiya tare. Na farko bututun gwajin, PIDOT, wanda gamayyar EuroFlow ta tsara, wato haɗakar dakunan gwaje-gwaje na jami'o'in Turai da Farfesa Jacques van Dongen na Holan da Farfesa Alberto Orfao na Salamanca suka jagoranta. Na biyu manhajar Infinicyt ta kamfanin Cytognos da ke Salamanca a Sifaniya, wanda kamfanin kayan lab na BD ya saya a 2022. Bututun kala 8 gare shi amma alama 12 yake dubawa a jikin ƙwayoyin, su ne masu sunaye irin CD4 da CD8, kuma dabarar da suka yi a nan ta burge ni tun ranar farko. Sun haɗa CD8 da IgD a kala ɗaya, CD4 da IgM a kala ɗaya, CD19 da alamar T gamma-delta a kala ɗaya, saboda ɗaya a jikin T take ɗaya a jikin B, ba za su taɓa haɗuwa a ƙwaya ɗaya ba, kamar ka ba mutum biyu riga iri ɗaya amma ɗaya a Kano yake ɗaya a Maraɗi, ba mai rikita su. CD16 da CD56 su ma kala ɗaya dan kamo NK, sai CD3 da CD45 da CD27 da CD45RA kowanne da kalarsa. Da wannan bututu guda ɗaya tal za ka ware rukunin ƙwayoyi wajen 20. Da suka wallafa aikin a 2019 sun gwada shi a kan lafiyayyun mutane 250 da aka raba rukuni-rukuni na shekaru tun daga jinin cibiya har tsofaffi, da marasa lafiya 99 da aka riga aka tabbatar da ciwonsu ta gwajin ƙwayoyin gado.

Yanda ake aiki da ita ba wuya. Ka gama gudu da jinin a na'ura, mu FACSLyric muke amfani da ita a can, akwai kuma tsohuwar FACSCanto II a gefe, ka ɗauko fayil ɗin ka buɗe a Infinicyt, ka zaɓi rumbun bayanan PIDOT, ka sa shekarun mai jinin da adadin fararen ƙwayoyin da na'urar ƙirgar jini ta ba ka, ka danna. Ita kuma sai ta fara tara ɗigon nan gungu-gungu, waɗanda suka yi kama da juna ta haɗa su, ba ta fuska biyu-biyu kamar yanda idonmu ke iya gani a allo ba, duk alamomin take dubawa lokaci ɗaya, sannan ta ɗauki kowane gungu ta gwada shi da na lafiyayyun mutanen da ke rumbunta. Wanda ya dace ta sa masa suna da kala. Tarkace da ƙwayoyin da suka manne biyu-biyu ta ware su gefe. Wanda kuma ba ta gamsu da shi ba ba ta yin ƙarfin hali, sai ta ajiye maka shi a wani gida mai alamar CHK, ma'ana zo ka duba da kanka. Wannan ɗabi'ar tata ita ce ta fi kwanta min a rai wallahi, dan na fi yarda da ma'aikacin da zai ce oga wannan ban gane shi ba a kan wanda komai ka ba shi zai ce ya sani.

Lokaci kuwa ba a magana. Fayil ɗin da a farkon zuwana nake share kusan rabin awa ina zagaye-zagaye, in na bar mata ta yi nata sannan na duba abun da ta ajiye min, kafin shayin da na zuba ya huce na gama, in dai jinin mai kyau ne. Amma ni ba saurin ne ya fi damuna ba, daidaiton ne. Mun taɓa gwadawa mu uku a lab ɗin, fayil ɗaya kowa ya yi nasa getin da hannu ba tare da ya leƙa na wani ba, sannan kowa ya sake yi ta manhaja. Na hannu kowa da tasa lambar a ƙananan rukunai, na manhaja kuwa kusan bakinmu ɗaya. Masu bincike a asibitin jami'ar Ghent ma sun wallafa irin wannan kwatancen a 2020, kuma abun da suka samu ke nan, bambanci tsakanin ma'aikata ya ragu.

Akwai wata rana da ba zan manta ba. Da rana tsaka aka kawo jinin wani jariri da bai kai wata huɗu ba, a takardar likita an rubuta gudawa da ba ta tsayawa, farin abun nan a baki da ya ƙi jin magani, fata duk ta yi ja tana saɓa, kuma ba ya ƙara nauyi. Jinin ɗan kaɗan ne a ƙasan kwalba mai murfi shuɗi-shuɗin nan, kana gani ka san da ƙyar aka samo shi. Na wanke, na zuba sinadari, na gudu da shi. Da na fara leƙa allon na'ura sai na ga ai akwai ƙwayoyin T, ba su kai yanda ake so ba amma suna nan, a raina na ce alhamdulillahi ba SCID ba ne. Da irin ilmin da na zo da shi daga gida, inda CD3 da CD4 kawai muke gani, da nan zan tsaya. Sai na sa fayil ɗin a manhaja. Rahoton na fitowa layin sababbin ƙwayoyin T, waɗanda ke ɗauke da CD45RA da CD27 tare, kusan babu komai a ciki, alhali jariri ɗan wata uku yawancin T ɗinsa sababbi ya kamata su kasance dan bai daɗe a duniya ba balle su ga yaƙi. Nasa kuwa duk tsofaffin hannu ne. Ƙwayoyin B ma babu.

Na kira shugabar lab ɗin, wata dattijuwa mai gilashi a rataye a wuya, ta zo ta tsaya a bayana ta yi shiru tana kallon allon, ta sa na buɗe mata gidan CHK ta duba ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga wayar tebur ta kira likitan yaron da kanta ba ta ma jira an buga takarda ba. Bayan ta ajiye ta ce min irin wannan ko dai ƙwayoyin uwa ne suka tsallako jikin jaririn tun yana ciki, ko kuma 'yan tsirarun nasa ne suka hayayyafa suna cin jikinsa, abun da ake kira ciwon Omenn, kuma duka biyun SCID ne da ya ɓad da kama. Kafin magariba an killace yaron a ɗaki shi kaɗai. Na koma masauki a jirgin ƙasa daren nan ban iya cin abinci ba, ba dan yaron kawai ba, tunanin gida ne ya taso min.

A unguwarmu akwai wata baiwar Allah da ta binne 'ya'ya maza uku, babu wanda ya kai shekara ɗaya, matan kuwa suna nan garau har sun yi aure. Kowa cewa yake wabi take yi, an yi rubutu an yi turare, na ƙarshen har sunan Ajuji aka sa masa ko Allah zai sa ya tsaya, bai tsaya ba. Ba ina cewa duk wabi wannan ciwon ba ne, a'a, sikila na nan, zazzaɓin cizon sauro na nan, tamowa da ƙyanda da gudawa duk suna ɗibar mana yara. Amma maza zalla suna tafiya mata na tsayawa, duk wanda ya karanci gado ya san wannan salon, ta wajen uwa yake bi ya faɗa kan 'ya'ya maza, kuma nau'in SCID da ya fi yawa a Turai da Amurka da ciwon Bruton duk haka suke tafiya. Yawancin sauran nau'o'in kuma sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi a ɓoye, shi yasa suka fi yawa a inda ake auren zumunci, kamar Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa, kuma mu ma ai mun san yanda muke da auren ɗan wa da 'yar ƙani. A Amurka da suke gwada kowane jariri, abun da jihar Wisconsin ta fara a 2008, sun samu kusan 1 cikin 58,000. Mu da haihuwarmu ta fi tasu yawa a kowane gida ga kuma auren dangi, a ce babu su a cikinmu ai ba zai yiwu ba, ba ma ganinsu ne kawai.

Toh yanzu bari in zo inda nake da magana, dan ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Manhajar nan gwanar gaske ce in ka ba ta abun da ta saba da shi, wato jini sabo da aka shirya daidai da ƙa'idar EuroFlow, a na'urar da aka saita daidai da ƙa'idarsu. In ka kauce sai gidan CHK ya cika maƙil ka koma aikin hannu. Kuma wannan ba aibu ba ne, haka aka gina ta, tana gwada naka ne da nata, in ba a ma'auni ɗaya kuka auna ba ta ina za su dace. Kowace safiya sai an gudu da ƙwayoyin saiti an tabbatar hasken kowace kala na inda ya kamata. Jinin kuma sai an wanke shi sosai kafin a zuba sinadari, in ba haka ba IgM, wani sinadarin kariya da ke yawo a ruwan jini, zai shanye sinadarin kafin ya kai jikin ƙwayoyin B, sai ka ga kamar babu alhali akwai. Na taɓa yin gaggawa na rage wanki ɗaya, abun da ya fito sai da na sake daga farko, kuma jinin yaro ba ruwan famfo ba ne da za ka ce a ƙaro. Haka wani jini da aka aiko mana daga wani ƙaramin asibiti ya kwana biyu a hanya, ƙwayoyin sun fara mutuwa suna shan rini barkatai, nan ma ta ajiye min kusan komai ta ce in duba. Ina kallon allon ina tuna zafin watan Afrilu a garinmu da yanda ake ɗauko jini a aljihun ɗan acaɓa daga wani gari.

Sai babbar maganar, wadda ita ce dalilin da yasa ma na zauna rubutun nan. Wata rana da aiki ya yi sauƙi na ce a ɗebi jinina a gwada, dan in ga yanda nawa sojojin suke. Na'urar ƙirgar jini ta fara nuna nutrofil ɗina, wani nau'in fararen ƙwayoyi da ba limfosait ba, sun ɗan yi ƙasa da iyakarsu. Manhaja kuma ta nuna sababbin CD8 ɗina sun yi ƙasa, tsofaffin da suka kai ƙarshen girma sun yi sama, idan aka gwada da sa'o'ina na rumbunta. Ni kuwa lafiyata ƙalau, ban taɓa kwana a asibiti ba. Shugabar ta duba ta tambaye ni a ina na girma, na faɗa mata, ta gyaɗa kai. Ƙarancin nutrofil irin wannan sananne ne a wajen mutanen Afirka ta Yamma, yana da alaƙa da rashin alamar Duffy a jajayen ƙwayoyin jininmu, ba ciwo ba ne. Ƙwayar cutar CMV kuma da yawancinmu ke ɗauka tun muna goye tana tura CD8 su tsufa da wuri. Wanda ke zaune a inda zazzaɓin sauro ke kama shi duk damina shi kuma ƙwayoyin gamma-delta ɗinsa kan ƙaru, kuma bincike a Mali ya nuna wani nau'in tsofaffin ƙwayoyin B na daban da ke yawaita a jikin masu yawan zazzaɓin. Tamowa ita ma tana ƙanƙantar da kaluluwar ƙirjin nan da ke horar da ƙwayoyin T.

Kun ga ke nan mudun da take awo da shi mudun wata kasuwa ne. Ba ƙarya take ba, abun da ta gani ta faɗa, amma lafiyayyun da ke rumbunta a cibiyoyin Turai aka ɗebe su, yaran da ba su san zazzaɓin damina ba. In ka ɗauko ta yau ka dasa a Kano ko Zinder ka fara gwada yara, SCID ba zai ɓuya mata ba, ciwon Bruton ma da ƙwayoyin B ke ƙasa da kashi 2 cikin ɗari ba zai ɓuya ba, waɗannan ko a wane mudu aka auna a fili suke. Amma na tsaka-tsakin nan, yaron da tsofaffin B ɗinsa suka ɗan yi ƙasa ko sababbin T suka ɗan ragu, za ta rinƙa ɗaga maka tuta a kan yaran da ba ciwon gado ke damunsu ba, sauro ne da yunwa. Kuma iyayen da aka ce ma ɗanku garkuwarsa na da matsala ba ƙaramin tashin hankali aka jefa su ba. Abun da nake fata, kuma shi nake ta faɗa ma manyanmu tun da na dawo, a samu asibitin koyarwa ko guda ɗaya a arewa ya tara jinin lafiyayyun yaranmu rukuni-rukuni na shekaru, da wannan bututun da wannan ƙa'idar, mu samu namu mudun. Amfanin tsarin EuroFlow ke nan ai, tunda kowa hanya ɗaya yake bi, abun da aka auna a Zariya za a iya ajiye shi kusa da na Leiden ta ƙasar Holan a kwatanta.

Wani abun da ya kamata likitoci su riƙe, bututun nan limfosait yake dubawa, su kansu masu shi sun ce na nuna hanya ne ba na yanke hukunci ba. Yaron da ke ta fama da maruru da ƙurajen ciki saboda nutrofil ɗinsa ba sa iya kashe ƙwayar cuta, wato CGD, rahotonsa na PIDOT zai iya fitowa tas, shi gwajin DHR mai duba aikin nutrofil yake buƙata. Jaririn da cibiyarsa ta ƙi faɗuwa har sati uku huɗu ga fararen ƙwayoyi sun yi yawa a jini amma ciwonsa ba ya mugunya, shi wata alama mai suna CD18 za a duba. Matsalar kwamfiliment ma, wasu sinadaran garkuwa da ke cikin ruwan jini, ba ruwanta da ita. Kuma kafin komai sai an cire HIV, wannan mu ba sai an faɗa mana ba. Na ga ƙaramin likita a can ya ga rahoto babu tuta ko ɗaya ya ce toh garkuwa lafiya, sai da aka zaunar da shi.

Kuɗi kuwa, gaskiya ba na talaka ba ne. Na'ura mai leza uku, sinadaran da sai a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, lasisin manhaja, ga injiniyan da zai rinƙa zuwa duba na'ura, duk da kuɗin waje ake biya. Ga wuta, dan leza ba ta son a ɗauke a kawo. Mun ga yanda na'urorin CD4 da yawa suka koma ƙarƙashin tsumma a kusurwar lab bayan an koma ba kowa magani ba tare da jiran lambar CD4 ba, sinadari ya daina zuwa shikenan. Dan haka ban ce kowane babban asibiti ya saya ba. Cibiya ɗaya ko biyu da za a riƙe da kyau, a tsara yanda jini zai iso cikin kwana ɗaya ba tare da ya dahu a hanya ba, ya fi goma da za su mutu cikin shekara biyu. Kuma a nan ne ma manhajar ta fi mana amfani fiye da Turawan, su suna da ƙwararrun da suka shekara ashirin suna kallon ɗigon nan, mu kuwa 'yan kaɗan ne, fayil kuma ana iya tura shi ta intanet wani ya duba maka gidan CHK daga wata ƙasa. Akwai ƙungiyar ASID ta masu wannan fannin a Afirka da aka kafa a Kasabalanka a 2008, mutanen Maroko da Tunisiya da Masar da Afirka ta Kudu sun yi nisa, ba sai mun tsallaka teku ba kafin mu samu mai riƙe mana hannu.

Wani abokina ya ce min toh in an gano ma sai me, tunda ba mu da maganin. Na fahimce shi amma ban yarda ba. Gaskiya ne maganin SCID dashen ɓargo ne, kuma wani babban bincike na Amurka da Kanada a 2014 ya nuna jariran da aka yi ma dashen kafin wata uku da rabi kashi 94 cikin ɗari sun rayu, in aka makara kuma ciwo ya riga ya shiga lambar na faɗuwa sosai. Mu dashen ɓargo sai a 2011 aka fara yinsa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin, shi ma dan sikila. Amma ba duka ne ke buƙatar dashe ba. Mai ciwon Bruton ƙarin sinadarin kariya ake masa duk sati uku ko huɗu ya girma ya yi makaranta ya yi aure. Septrin da muke da shi a kowane kemis yana tare wani mugun ciwon huhu a jikin masu raunin T. Sanin ma kaɗai yana ceton na baya, dan in an san gidan nan akwai SCID, jaririn da za a haifa nan gaba ba za a yi masa allurar BCG ta tarin fuka ranar haihuwa ba sai an gwada shi, saboda allurar na ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana, lafiyayyen jariri kariya take masa, shi kuwa wanda ba ya da T bazuwa take a jikinsa. Haka ɗigon foliyo na baki. Kar wani ya ɗauki maganata ya ce na ce a guji rigakafi, Allah ya kiyaye, ni 'ya'yana babu wadda suka tsallake, kuma irin waɗannan yaran ba abun da ke kare su daga ƙyanda kamar a ce duk yaran unguwa an yi masu.

In aka ce in ba ta maki, a lab irin wanda na zauna a ciki zan ba ta tara cikin goma ba tare da na yi dogon tunani ba. A namu yanayin a yau zan ce bakwai, sauran ukun kuma ba a hannun masu manhajar suke ba, ɗaya na wuta da firji, ɗaya na hanyar da jini zai bi ya iso, ɗaya na mudun da ba mu tara ba tukuna. Na riga na fara rubuta takardar neman izinin kwamitin ɗa'a na asibitinmu dan a fara da yara 'yan ƙasa da shekara biyu da ake kawowa rigakafi, likitar yara ɗaya ta ce tana ciki, yanzu na'ura mai kala takwas muke nema a kusa da za a ba mu aron awa biyu a sati.